Gwajin Tairod da Daidaita Magani: Sharhi Kan Hidimar Wata Cibiyar Gwaje-gwaje a Kano

A 'yan shekarun nan cibiyoyin gwajin lafiya masu zaman kansu sun yawaita a Kano, musamman a unguwannin da ke kewaye da manyan asibitoci, kuma kusan kowace daga cikinsu tana da allo a bakin ƙofa mai ɗauke da jerin gwaje-gwajen da take yi, ciki har da na tairod, wato ƙwayar nan da ke gaban wuya, wadda idan ta kumbura ake cewa mutum yana da maƙoƙo. Wannan sharhi ya shafi ɗaya daga cikin cibiyoyin ne, wadda ta haɗa ɗakin gwaji da ɗakin ganin likita da kantin magani a gini ɗaya, kuma a nan nake bibiyar lafiyata tun lokacin da aka tabbatar min cewa ƙwayar tairod tawa ba ta samar da isasshen sinadari. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin abin da zan yaba da abin da zan kushe duk abubuwa ne da mai karatu zai iya aunawa da kansa a duk inda yake zuwa. Abin da na gani shi ne injinsu abin dogaro ne, likitar da ke zama a wurin ta san aikinta, amma tsakanin teburin karɓar kuɗi da kujerar ɗibar jini da tagar bayar da magani akwai bayanai masu muhimmanci da ke zubewa a hanya, kuma a ciwon da ake daidaita maganinsa da ma'auni ƙanƙani irin wannan, bayanin da ya zube yana iya ɓata sakamakon da aka biya kuɗi mai yawa a kansa.

Farkon abin da mutum ke tararwa shi ne zaɓi uku a teburin karɓar baƙi. Akwai gwajin TSH shi kaɗai, wanda ya fi araha, akwai wanda ya haɗa TSH da T4 da T3, sannan akwai mafi tsada, wanda ake ƙara masa gwajin garkuwar jiki da ake rubutawa anti-TPO. Matasan da ke teburin suna da fara'a da ladabi, ba sa barin dattijo a tsaye, amma idan aka tambaye su wanne ya dace sai su ce, "Hajiya, duk wanda ya yi miki sauƙi," ko kuma su nuna mafi tsadar. Ba na ɗora musu laifi, tun da ba a horar da su a kan haka ba, sai dai cibiyar ta bar zaɓin da ke buƙatar ilimi a hannun mai ciwo da mai karɓar kuɗi, alhali kuwa gwaje-gwajen nan ba abu ɗaya suke aunawa ba.

TSH ba daga tairod yake fitowa ba. Wata 'yar ƙwaya ce da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira pituwitari, take sakinsa cikin jini domin ya umarci tairod ta yi aiki. Ita kuma tairod mafi yawan abin da take samarwa T4 ne, da ɗan T3 kaɗan, sannan hanta da ƙoda da sauran sassan jiki su riƙa juya T4 zuwa T3, wanda shi ne ke da ƙarfin aiki a jiki. Dangantakar tasu kamar ta mai gona da ɗan ƙwadago ce: idan ɗan ƙwadago ya yi sanyi sai mai gona ya ɗaga murya, idan kuwa yana aiki fiye da abin da aka nema sai ya yi shiru. Saboda haka TSH mai yawa alamar ƙarancin aikin tairod ce, TSH da ya faɗi ƙasa kuma alamar cewa sinadarin ya yi yawa a jiki, ko daga ƙwayar kanta ko daga maganin da ake sha. Ga wanda aka riga aka gano ciwonsa kuma yake kan magani, TSH shi kaɗai yakan wadatar a mafi yawan lokuta. Ga wanda ake binciken farko, ya kamata a haɗa da T4. Shi kuwa T3 amfaninsa ya fi bayyana a wurin mai yawan aikin tairod, ba mai ƙaranci ba. Gwajin anti-TPO yana nuna ko garkuwar jiki ce ke yaƙar ƙwayar, wato ciwon da wani likita ɗan Japan mai suna Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912, kuma ake kiransa da sunansa har yau. Sau ɗaya ake buƙatar wannan gwaji, domin da zarar an san sanadin, maimaita shi ba ya sauya adadin maganin da za a ba mutum. Duk da haka na ga masu sayensa a kowane zuwa, babu wanda ya ce musu asarar kuɗi suke yi.

Akwai kuma rukunin mutanen da gwajin mai araha zai iya yaudara, kuma a nan ne rashin tambaya a teburin ya fi damuna. Macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, daga baya nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, jiki ya mutu, tana iya kasancewa ƙwayar pituwitari ce ta lalace, ciwon da ake dangantawa da likitan Birtaniya Harold Sheehan, wanda ya yi bayaninsa a 1937. A irin wannan hali mai ba da umarnin ne ya raunana, don haka TSH na iya fitowa daidai ko ƙasa kaɗan, alhali T4 ya yi ƙasa sosai. Idan TSH kaɗai aka auna, takarda za ta ce lafiya lau, matar ta koma gida da ciwonta. Kuma ko an gano, ba a fara mata maganin tairod sai an duba sinadarin kotisol, wanda ke taimaka wa jiki jure wahala kuma shi ma pituwitari ce ke ba da umarnin samar da shi, domin fara shi a jikin da ba shi da isasshen kotisol yana iya jefa mutum cikin haɗari. A yankin da haihuwa a gida da zubar jini ba baƙon abu ba ne, tambaya ɗaya kafin a karɓi kuɗi za ta iya raba wadda TSH ya ishe ta da wadda bai ishe ta ba.

Abin yabo a nan shi ne cibiyar tana auna T4 sakakke, wanda ake rubutawa FT4, ba jimillar T4 ba. Mafi yawan T4 a cikin jini a ɗaure yake da wasu furotin masu ɗaukarsa, ɗan kaɗan ne ke yawo a sake, kuma shi ne ke shiga cikin ƙwayoyin jiki. Juna biyu da ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin suna ƙara yawan furotin ɗin, sai jimillar ta hau ba tare da wani ciwo ba. Har yanzu akwai wuraren da jimillar suke aunawa, don haka wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Ɗakin ɗibar jinin tsaf yake. A gaban mutum ake buɗe sabuwar allura, a gabansa ake rubuta sunansa a jikin kwalba, kuma wurin yana da wutar sola da janareto, abin da ke da muhimmanci ga sinadaran gwaji da dole su zauna cikin sanyi. Takardar rajistarsu da hukumar kula da ɗakunan gwaji ta ƙasa, MLSCN, tana rataye a bango inda kowa zai gani. Sakamako yana fitowa a ranar ko washegari, kuma suna turowa ta WhatsApp ga wanda ya nema. A waɗannan ba ni da ƙorafi.

Ƙorafina shi ne mai ɗibar jinin ba ya tambayar komai bayan suna da shekaru. Ba ya tambaya ko an sha ƙwayar maganin da safiyar nan, alhali FT4 yakan ɗaga na 'yan sa'o'i bayan shan ta, shi ya sa ya fi kyau a ɗebi jinin da safe kafin a sha, sannan a sha bayan an fito. Ba ya tambaya ko ana shan biotin, wani nau'in bitamin wanda ke cikin yawancin ƙwayoyin gyaran gashi da farce da mata ke saye, alhali a nau'o'in injuna da dama biotin yana sa TSH ya fito ƙasa na ƙarya, T4 kuma ya fito sama na ƙarya, har sakamakon lafiyayye ya yi kama da na mai yawan aikin tairod. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan yadda biotin ke rikita gwaje-gwajen jini tun a 2017, kuma shawarar da aka saba bayarwa ita ce a dakatar da shi aƙalla kwana biyu kafin gwaji. Ba ya tambaya ko ana shan magungunan ƙiba da ake kira sha ka fashe, waɗanda sau da yawa suna ɗauke da dexamethasone ko danginsa, masu danne TSH. Ba ya kuma tambaya ko mutum bai daɗe da tashi daga zazzaɓi mai tsanani ba, ko kwanciya a asibiti, alhali rashin lafiya mai nauyi yana karkatar da lambobin nan na ɗan lokaci, kuma sai an warware da wasu makonni suke komawa yadda suke. Duk waɗannan tambayoyi za su shiga rabin takarda da mutum zai cike yayin da yake jiran layi. Na ba su wannan shawara, an karɓa da godiya, amma har zuwana na baya-bayan nan ban ga takardar ba.

Takardar sakamakon kanta tana da kyau ta fuska ɗaya, tana da rauni ta wata fuskar. Kyawunta shi ne tana nuna ma'aunin da aka yi amfani da shi da iyakokin da injinsu ya ɗauka a matsayin daidai. Ga babba wanda ba shi da juna biyu, TSH yakan kasance tsakanin kusan 0.4 zuwa 4.0 mIU/L, FT4 kuma kusan 12 zuwa 22 pmol/L, ko da yake kowane inji da nasa iyakokin, shi ya sa bai dace a ɗauki lamba daga takardar wani ɗakin gwaji a auna ta da iyakokin wani ba. Wasu wuraren ma da ng/dL suke rubuta FT4, inda daidai yake kamawa daga kusan 0.9 zuwa 1.7, kuma wanda ya ga 15 a takardar bara sannan ya ga 1.2 a ta bana zai iya ɗauka cewa jikinsa ya rushe, alhali kusan abu ɗaya ne aka rubuta da ma'auni biyu. Rauninta kuwa shi ne tana buga alamar sama ko ƙasa da jan rubutu a gefen lamba ba tare da jimla ko ɗaya ta bayani ba. Mutum ya ga an ce TSH ɗinsa ya yi yawa, hankalinsa zai ba shi cewa magani ne ya yi masa yawa, sai ya rage, alhali akasin haka ake buƙata. Na ji wata mata a ɗakin jira tana gaya wa 'yar'uwarta cewa ta daina shan maganin tun da takarda ta nuna abin ya hau. Haka kuma takardar ba ta da iyakokin masu juna biyu, waɗanda suka bambanta da na sauran mutane, musamman a watanni ukun farko da TSH yakan sauka.

Inda cibiyar ta fi cancantar kuɗin da take karɓa shi ne ɗakin likita. Likitar, wadda ta ƙware a ciwon suga da cututtukan homon, wato sinadaran da ƙwayoyi irin su tairod ke saki cikin jini, wasu ranaku ne kawai take zama a mako, kuma kuɗin ganinta daban yake da na gwaji, abin da ke sa da yawa su karɓi takarda su wuce. A ganina wanda zai iya biyan ɗaya ne kawai tsakanin gwaji mafi tsada da ganin likita, to ya yi gwaji mai araha ya ga likita. Ba ta farawa da takarda. Tana fara da tambayar gajiya, jin sanyi a lokacin da wasu ke jin zafi, taurin bayan gida, bushewar fata, zubewar gashi, nauyin jiki da yanayin al'ada, ta taɓa wuya, ta auna bugun zuciya, sannan ta dubi lambobi. Ta bayyana min cewa idan TSH ya ɗan haura amma FT4 yana daidai, ba a gaggawar fara magani, a kan maimaita gwajin bayan wata biyu ko uku, domin sau da yawa yakan koma daidai da kansa. Idan ya tsaya sama da 10, a nan ne akasari ake fara magani. Tsakanin iyakar daidai da 10 kuwa sai an dubi shekaru da alamomi da batun neman haihuwa. Wannan ya yi daidai da babban binciken nan mai suna TRUST da aka wallafa a 2017, wanda ya shafi mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasashen Turai, inda aka ga cewa ba wa tsofaffi masu ɗan hauhawar TSH magani bai rage musu gajiya ko sauran alamomi ba. Likitar da ke hana mutum magani alhali kantin maganin yana ƙofar gaba ta samu amincewata.

A kan adadin magani ma bayaninta a fili yake. Maganin shi ne levothyroxine, wanda T4 ne da aka haɗa a masana'anta, kuma da maikurogiram ake auna shi, ba miligiram ba, ta yadda ƙwayar da aka rubuta 100 mcg ita ce wadda wasu kamfanoni ke rubutawa 0.1 mg. Ga babba mai ƙarfin jiki wanda tairod ɗinsa ta gaza sosai, lissafin da aka saba shi ne kusan maikurogiram 1.6 a kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato mai kilo 60 zai buƙaci kusan 100. Amma ga dattijo ko mai ciwon zuciya ba a farawa da cikakken adadi, a kan fara da 25, wani lokaci ma ƙasa da haka, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, domin zuciyar da ta saba tafiya a hankali ba ta jure a zabure ta lokaci ɗaya. Gyara kuma da 12.5 ko 25 ake yinsa, ba da ninkawa ba.

Abin da ta fi nanatawa shi ne haƙuri tsakanin gyara da gwaji. Maganin yana ɗaukar kusan mako guda kafin rabinsa ya fita daga jini, saboda haka sai bayan makonni da dama yake daidaita a jiki, ita ma pituwitari tana ɗaukar lokaci kafin ta sauya umarninta. Shi ya sa ake jiran mako 6 zuwa 8 bayan kowane sauyi kafin a sake auna TSH. Wanda ya koma gwaji bayan mako biyu ya sayi lambar da ba ta gama zama ba, kuma idan aka ƙara masa magani a kanta zai iya wuce gona da iri. Da na tambaye ta, "Likita, ba za a iya ƙara min ba tun da har yanzu ina jin gajiya?" sai ta ce, "Malama, gajiya tana da iyaye da yawa, bari mu duba jininki da sugarki tukuna." Yawan maganin ba abin wasa ba ne: yana jawo bugun zuciya marar tsari da raunin ƙashi, musamman ga matan da al'ada ta ɗauke musu, kuma wannan ne dalilin da ya sa shan sa don rage ƙiba, wanda wasu ke yi a ɓoye, yake da haɗari. Idan an daidaita, gwaji sau ɗaya a shekara yakan isa, kuma ta faɗi haka ƙarara duk da cewa cibiyar za ta fi samun riba idan mutum yana zuwa duk wata.

Kafin ta ƙara wa kowa magani sai ta bincika yadda yake shansa, kuma a nan ne sanin yanayin rayuwarmu ya bayyana a aikinta. Ana shan ƙwayar da ruwa zalla, ciki ba komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, ko kuma da dare idan an yi aƙalla awa uku da cin abinci na ƙarshe. Wanda ke haɗiyar ta da koko ko shayi mai madara ko kofi yana rage abin da hanji zai tsotsa. Awara da madarar waken suya suna yin haka su ma. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ƙwayoyin kalsiyam da ruwan maganin olsa da ake sha bayan abinci duk suna kama maganin a cikin hanji, don haka ana ba su tazarar awa huɗu. Omeprazole yana rage tsamin ciki da ke taimaka wa ƙwayar narkewa. Rifampicin na maganin tarin fuka da carbamazepine na farfaɗiya kuwa suna sa hanta ta ƙone maganin da sauri, har a buƙaci ƙari. Mutum zai iya kasancewa a kan adadin da ya dace a rubuce, amma TSH ya ƙi sauka saboda kofin kunu kawai, kuma maganin wannan gyara lokaci ne, ba ƙarin ƙwaya ba.

Batun azumi ma ba ta jira sai an tambaya. Idan Ramadan ya gabato tana ba da zaɓi biyu: ko a tashi da wuri a sha ƙwayar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin sahur, ko a sha lokacin kwanciya idan an yi awa uku ba a ci komai ba. Na biyun yana da wuya a gidajenmu, inda babban abinci yakan zo bayan tarawihi, don haka na farkon ya fi dacewa da yawancin mutane, ko da yake yana nufin rage barci. Ga masu juna biyu kuwa maganarta ta fi tsanani. Buƙatar jiki tana ƙaruwa tun makonnin farko, da kusan kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari, domin ɗan tayi ya dogara da sinadarin uwa wajen ginin ƙwaƙwalwarsa kafin tasa tairod ta fara aiki. Shawarar ƙungiyar likitocin tairod ta Amurka a jagorarta ta 2017 ita ce mace mai shan levothyroxine ta ƙara ƙwaya biyu a mako da zarar ta tabbatar da ciki, ta kuma ga likita nan da nan, sannan a riƙa gwaji kusan duk mako huɗu a rabin farko na cikin. Wannan ya saɓa wa abin da aka saba ji a gida, cewa mai ciki ta ajiye duk wani magani. Ga kuma maganin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo, wanda idan aka haɗa shi da ƙwayar tairod a lokaci ɗaya zai rage mata ƙarfi daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Masu yawan aikin tairod, waɗanda akasari ciwon Graves ne ke damunsu, wato wanda garkuwar jiki ke zuga tairod ta yi aiki fiye da kima, su ma suna zuwa, kuma na lura likitar tana rubuta wa duk wanda ta ɗora a kan carbimazole, maganin rage aikin tairod, gargaɗi a bayan katinsa, cewa idan ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ya dakatar da maganin ya je a ƙidaya fararen ƙwayoyin jininsa a ranar, domin a wasu mutane ƙalilan maganin yana kassara su. A garin da kowane zazzaɓi ake ɗauka na cizon sauro ne, wannan rubutu yana da daraja. A wurinsu kuma FT4 ake bi a farkon magani, domin TSH yakan zauna a danne har tsawon watanni ko da sinadarin ya riga ya sauka.

Kantin maganin shi ne sashen da ya fi rauni. Maganinsu yana da lambar rajistar NAFDAC, kuma ban taɓa samun wanda wa'adinsa ya ƙare ba, amma ba sa tsayawa a kan kamfani ɗaya. Wannan watan a ba ka na wani kamfani, wata mai zuwa na wani, ba tare da an ce maka an sauya ba. A yawancin magunguna wannan ba matsala ba ce, amma a levothyroxine ɗan bambancin yadda ƙwaya ke narkewa yana iya motsa TSH a jikin wasu. Abin da ya faru a Faransa a 2017 ya isa misali: kamfanin Merck ya sauya kayan haɗin ƙwayarsa ta levothyroxine mai suna Levothyrox, ya cire laktos ya sa manitol da sinadarin tsamin lemo, ba tare da taɓa ainihin maganin ba, amma dubban mutane suka yi ƙorafin alamomi, har maganar ta kai gaban kotu. Ƙa'idar da ta dace ita ce a zauna a kan nau'i ɗaya gwargwadon iko, idan kuma dole ta sa an sauya, a sake auna TSH bayan mako 6 zuwa 8. Mai bayar da maganin ba ya faɗin wannan, kuma da na tambaya ya ce duk ɗaya ne.

Sau da yawa kuma 50 da 100 kaɗai ke kan kanta, babu 25, don haka wanda aka rubuta wa 75 ko 125 sai ya koma raba ƙwaya da reza, abin da ba ya ba da rabi daidai, musamman ga tsoho mai rawar hannu. Likitar takan kauce wa wannan ta hanyar tsara wa mai buƙatar 75, misali, 50 yau 100 gobe, wanda yake aiki saboda daɗewar maganin a jiki, amma yana buƙatar a rubuta ranakun a kalanda. Haka nan masu kantin ba sa cewa komai game da ajiya. Levothyroxine ba ya son zafi da danshi da haske, kuma yawancin kwalayensa suna cewa kada a ajiye shi a wurin da ya haura digiri 25 ko 30, alhali a Kano daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce 40. Kantin nasu yana da na'urar sanyaya ɗaki, amma wanda ya sayi maganin wata shida ya bar shi a akwatin gaban mota ko a kan tagar ɗakin kwano bai san abin da yake yi wa maganinsa ba. Ya fi kyau a sayi na wata biyu ko uku, a bar ƙwayoyin cikin ledarsu ta asali, a ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaka, nesa da murhu da banɗaki.

Ta fuskar kuɗi, cibiyar ta fi asibitin gwamnati tsada, kuma ba ta karɓar kowace irin inshorar lafiya, amma tana rage wa mutum doguwar jira. Ta dace da wanda aka riga aka gano ciwonsa, yake neman gwaji mai inganci da likitar da za ta zauna da shi. Ba ta dace da mai babban maƙoƙo da ke danne numfashi ko haɗiya ba, ko mai ƙullutu mai tauri da ke girma, ko wadda ake zargin pituwitarinta ta lalace, domin waɗannan suna buƙatar hoto da ɗibar tsoka da likitan tiyata, kuma likitar da kanta takan tura su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ma'aikatan cibiyar ba sa ajiye tsofaffin sakamako a tsare yadda likita za ta ga tafiyar lambobi a shafi ɗaya, kuma ba sa tunatar da mutum idan lokacin gwajinsa ya yi, don haka wanda zai riƙa zuwa ya tanadi littafi nasa, ya riƙa rubuta kwanan wata, TSH, FT4, adadin maganin da yake sha a lokacin da sunan kamfanin da ke jikin kwalin, ya zo da shi duk ranar ganin likita.